Goggo ta shuka keken ɗinkinta: a ina muka yi sakaci?

Ishaku: Salama 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da doguwar magana, abin ne ya tsaya mini a wuya tun ranar Asabar. Na je gida gaida goggona, ƙanwar babanmu, wadda mijinta ya rasu shekara huɗu ke nan. Ina shiga ɗakinta sai na ga inda keken ɗinkinta yake zama wayam, sai sawun ƙafafunsa a kan siminti. Da keken nan ta riƙe yara uku a makaranta. Na ce, Goggo ina keke? Ta ce ta shuka shi.

Ashe wani mai wa'azi ne ya zo garin da janareta da manyan lasifika, ya yi kwana uku a filin firamare. Ya karanta Luka 6:38 da Turanci, tafinta na juyawa: ku bayar, za a ba ku, mudu a cike, a danne, har yana zuba. Ya ce duk wanda ya shuka abin da rabuwa da shi zai yi masa ciwo, kafin kwana 21 zai girba. Ta sayar da keken dubu 60. Dubu 50 ta kai gaba, dubu 5 ta sayi mai a wata 'yar kwalba kamar ta turare. Yau wata biyu da rabi, lambar da ya bari ba ta shiga. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ta daina shan maganin hawan jini, wai ya ce shan magani bayan shafewa shakka ce.

Na ce ta kawo Littafinta. Yana ƙasan akwati, a ƙulle cikin leda, ƙarƙashin zanen zumunta, wanda aka ba su ranar aure. Ta ce idonta ya daina ganin ƙananan baƙaƙe. Na karanta mata tun daga aya 27: ku ƙaunaci maƙiyanku, kada ku hukunta, ku yafe. Ta yi shiru can ta ce, "Ashe ba maganar kuɗi ake yi ba?"

Matar nan ta fi shekara 30 ba ta fashin sujada. Yaya aka yi aya ɗaya ta raba ta da sana'arta?

Laraba: Ishaku, kafin a shiga muhawara. Aikin jinya nake yi, hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum. Ka sa a kai ta a auna ta yau, ba gobe ba, kuma ta koma kan maganinta yadda likita ya rubuta. In ta ce shakka ce, ka tuna mata Luka ɗin da aka karanta mata likita ne, haka Bulus ya kira shi a Kolosiyawa 4:14. Kuma da sarki Hezekiya ya yi ciwo, annabi Ishaya da kansa ya ce a ɗaura masa curin ɓaure a kan marurun.

Ishaku: Na gode Anti Laraba. Yanzu zan kira ɗanta.

Gidiyon: Ni dai ina jan kunne. Ba mu san mutumin ba, ba mu ji daga bakinsa ba. An rubuta kada ku taɓa shafaffuna. Wataƙila lokacin girbinta ne bai yi ba.

Saratu: To me ya sa ya kashe waya, in girbi yake jira tare da ita?

Gidiyon: Ki bar ba'a, 'yar'uwa. Ku kuna magana ne daga nesa. Lokacin da mamana ta kwanta wata biyar, faston majami'armu sau ɗaya ya leƙo, shi ma a tsaye. Wani daga irin waɗannan da kuke kira na ƙarya shi ya zo ya kwana yana addu'a a kanta. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ku fara tambayar ina dattawan majami'ar Goggo suke tun da mijinta ya rasu.

Maman Rahila: Ɗana Gidiyon, maganarka ta biyu gaskiya ce, kuma ta yi mini zafi don da mu kake. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gwauruwa tana ɗaki da lissafin kuɗin makaranta, ba wanda ya tambaye ta me ta ci, sai ga wani ya kira damuwarta da suna a lasifika. Ba dole ta je ba?

Amma bari in faɗi abin da na gani a shekara 12 da na yi ina shugabancin zumuntar mata. Muna da nazarin Littafi kowace Laraba da ƙarfe huɗu. A ƙarfe huɗun nan rabin mata suna kasuwa, saura suna gona ko gindin murhu. Wanda ya samu zuwa kuma, wa'azi na biyu zai tarar: mutum ɗaya a gaba yana magana awa guda, rabi Turanci, a ce akwai tambaya lokacin da kowa ya riga ya miƙe. Na taɓa tambaya a kan zakka, wani ya ce Mama ki yi biyayya kawai. Daga ranar ban sake ɗaga hannu ba. Mu muka koya wa mutane cewa wanda ya riƙe makirfo ba a tambayarsa. Da baƙo ya zo ya riƙe makirfo, suka yi abin da muka koya musu.

Baba Rabaran: Salamar Ubangiji gare ku duka. Na karanta tun daga sama. Ishaku, zan ɗan gyara maka abu ɗaya, don kada mu ma mu yi abin da muke zargi. Akwai maganar dukiya a wurin. Aya 30 ta ce ka ba wanda ya roƙe ka, aya 35 ta ce ku ba da rance ba da sa ran samun kome ba. To ka gani, nassin yana tura hannunka wajen mabukaci, har da maƙiyi, kuma ya cire maka lissafin riba. Mutumin nan ya juya hannun zuwa aljihunsa, ya kuma mayar da lissafin riba shi ne dalili. Ayoyi biyu kacal ne tsakanin 35 da 38.

Gidiyon ɗana, buɗe Zabura 105 ka fara daga aya 8. Shafaffun da ake nufi a aya 15 su Ibrahim ne da Ishaku da Yakubu, lokacin da suke 'yan kaɗan suna yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, Allah yana tsawata wa sarakuna kada su cuce su. Ba a ce kada a gwada koyarwar mai wa'azi ba. Da haka ne, da Bulus bai tsaya wa Bitrus fuska da fuska a Antakiya ba, Galatiyawa 2:11. Kuma maganar iri, Ubangiji ya fassara ta da bakinsa a Luka 8:11, irin shi ne Maganar Allah.

Man da aka sayar mata kuwa, Yakubu 5:14 ya ce a kira dattawan ikilisiya su shafa wa marar lafiya mai. Babu farashi a ciki. Wanda na sani ya kawo kuɗi don ikon Allah shi ne Saminu mai sihiri, ku duba amsar da Bitrus ya ba shi a Ayyukan Manzanni 8:20. Na'aman ma ya zo da kaya niƙi-niƙi, Elisha ya ƙi karɓa, Gehazi ya bi shi a guje ya karɓo. Kun san da me ya koma gida: kuturta.

Gidiyon: Baba na ji, zan karanta. Amma ban yarda duk mai sayar da mai ɓarawo ne ba. Na ga waɗanda suka warke.

Baba Rabaran: Ban ce Allah ba ya warkarwa ba, ni kaina sheda ne. Cewa na yi ba ya sayarwa. Kyauta kuka samu, kyauta za ku bayar, Matiyu 10:8.

Malam Habila: Ni ina da ja a kan inda maganar ta nufa. Kowa na cewa a ba mutane Littafi su karanta, kamar shi ke nan an gama. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Yawancin masu ɓad da mutane ba rashin karatu ne ya dame su ba, aya a bakinsu kamar ruwa. Shaiɗan ma Zabura 91 ya jawo wa Yesu a kan Haikali. Ku tuna dajin Shakahola a Kenya a 2023. Paul Mackenzie ya sa mabiyansa azumi har mutuwa wai su sadu da Yesu, aka tono gawa sama da 400, da yawa yara. Tsohon direban tasi ne da ya ɗauki Littafi ya naɗa kansa. A Kanungu ta Uganda a 2000 ɗaruruwa suka ƙone cikin majami'a a kan lissafin ranar ƙarshen duniya. In kowace tsakar gida ta zama makarantar tauhidi ba malami, za mu haifi ƙananan annabawa goma a kowace unguwa. Mutumin nan na Habasha, ma'ajin sarauniya, yana riƙe da littafin Ishaya, Filibus ya tambaye shi ko yana ganewa, ya ce ina fa, in ba wani ya bishe ni ba?

Saratu: Malam, tuƙin tasi ba shi ne laifin ba. Bitrus ma masunci ne.

Malam Habila: Masunci da ya yi shekara uku a gaban Malami. Kada ki manta da wannan.

Baba Dattijo: Ku bar tsoho ya sa baki, jikata ce ke buga mini. Malam Habila, ina ganin kai da Maman Rahila jirgi ɗaya ya kwaso ku, ba ku dai lura ba. A zamaninmu, a yankinmu, ba ka shiga ruwan baftisma sai ka yi aji, kuma a ajin nan ake koya maka karatu. Mai bishararmu bai wuce aji huɗu ba kafin ya tafi makarantar Littafi ta Hausa a Kagoro. Da yamma mu zauna gindin ɗorawa, Littafi ɗaya ne, yana zagayawa hannu zuwa hannu, kowa ya karanta aya ɗaya da yatsa a kan layi. In ka yi tuntuɓe a gyara maka. Sai ya tambaya, wa ke magana a nan, da wa yake yi? Ba ka isa ka ce "Allah ya ce" ba tare da ka nuna wurin ba. Ga malami, ga Littafi a hannun kowa. Ba a raba su ba.

Littafin nan kuwa ba daga sama ya faɗo da Hausa ba. Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa, Turawa da 'yan ƙasa, sun yi shekaru suna fama kafin ya fito cikakke a 1932. Aka sake sabuwar fassara a 1979. Mu da Hausa ba harshen uwarmu ba ne, da ita muka san Allah, Bajju da Ham da Angas da Bura duk muka haɗu a kanta. Yanzu an mayar da sujadar Hausa ta tsofaffi, a ba ta ƙaramin fasto da ƙarfe shida na safe, a ajiye babban taro wa Turanci. Ɗan Kwoi, malamin tauhidi Byang Kato, kafin ya rasu a teku a Mombasa a 1975, ya yi ta faɗa cewa ikilisiyar Afirka tana fama da ƙarancin jini wajen koyarwa. Yana shekara 39 ya tafi. Da ya ga yau, ban san me zai kira shi ba.

Saratu: Baba, ku yi haƙuri in faɗi namu ɓangaren. Mu matasa mun faɗa tsakiya. Hausa muna ji, amma karanta ta sai a hankali kamar mai taka ƙaya, don ba a koya mana a makaranta ba. Turancin King James kuma rabi muke ganewa, sai mu yi ta gyaɗa kai. Abin da ya rage shi ne bidiyon daƙiƙa 40 a TikTok, wani cikin farar kwat yana ihu da aya ɗaya. Ko sunayen littattafai rikita mu suke yi. Kakata ta ce in buɗe mata Ruya ta Yohanna a waya, na neme shi sama da ƙasa babu, ashe a sabuwar fassara Wahayin Yahaya ne. Matta kuma shi ne Matiyu. Ta ce wayata ba ta da cikakken Littafi.

Baba Dattijo: Kakarki ta yi gaskiya, ni ma har gobe Yohanna nake cewa.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Mu a nan matsalar ta ɗan bambanta. Wanda ya yi lakwal da Faransanci ya yi, sai ya ga "u" a Littafin Hausa ya rasa yadda zai furta, don shi "ou" ya saba rubutawa, ƙ da ɗ kuwa bai taɓa gamuwa da su ba. Mako biyu ya isa a warware wannan in akwai mai nunawa, amma wa zai nuna? Littattafai da yawa daga Najeriya suke zuwa mana, da aka rufe iyaka a 2023 mun ji a jika. Mu 'yan kaɗan ne a nan, shi ya sa in mai koyarwar banza ya raba majami'a mai mutum 40, ba abin da ke saura. Abin da ya taimake mu shi ne Littafi na saurare. Ana sa shi a katin waya, a kunna a ƙaramar rediyo mai caji da rana. Tsofaffin da ba su taɓa riƙe alƙalami ba sun haddace surori.

Maman Rahila: Yawwa, ka kawo ni inda nake so. Malam Habila, ka saurara ka gaya mini ko ƙananan annabawa nake haifa. Bara na gaji, na ce wa mata biyar na layinmu su zo gidana ran Lahadi bayan la'asar, kowa ta zo da aikinta. Lokacin ɓarar gyaɗa ne, muka baza tabarma, tire a cinya. 'Yata ta kunna Markus sura ɗaya da Hausa a waya, ta jona da 'yar lasifika. Mu ji sau biyu. Sai wata ta maimaita labarin da bakinta, saura su cike abin da ta tsallake. Tambayoyinmu ba su da yawa: me ya faru kafin nan, wa ake gaya wa, me ya biyo baya. Abin da ya gagare mu in rubuta a bayan kalanda in kai wa fasto ran Talata. Ba ma tsalle, ba ma zaɓen aya mai daɗi. Markus sura 16 ne, ya ɗauke mu wata huɗu.

Ranar da muka kai sura 12 ba zan manta ba. Kun san gwauruwar da ta saka anini biyu, wadda ake karanta mana duk ranar da za a tara kuɗin gini. Wata tsohuwa a cikinmu, ba ta san ko "a" ba, ta ajiye gyaɗarta ta ce a mayar baya kaɗan. Aka mayar. Ta ce, "Kun ji? Yanzun nan ya gama cewa a yi hankali da malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna doguwar addu'a. Sai ga gwauruwa ta zo ta zuba duk abin da take da shi. Anya yabo kaɗai yake yi, ba da takaici ba?" Aya 40 da aya 42. Shekarata nawa ina jin labarin nan, ban taɓa haɗa su ba. Na kai wa fasto, ya ce lalle Yesu ya yaba mata, amma masana da yawa sun lura da abin da tsohuwar nan ta lura, kuma kada a sake karanta ɗaya a bar ɗaya.

Yanzu mu 14 ne. Da mai man nan ya zo namu garin, biyu daga cikinmu sun je kallo, suka dawo da kuɗinsu a ƙulle a bakin zane.

Malam Habila: Mama, in haka ne ba ni da ja, saboda bayan kalandar nan. Tsorona shi ne ƙungiyar da ba ta kai tambaya ko'ina. Amma a gaya wa juna gaskiya, ba kowane fasto ne zai so haka ba. Wani in ya ji mata suna taro a gida sai ya ce ana shirin ɓalle masa.

Baba Rabaran: Akwai su, kuma kunya ce gare mu. Mutanen Biriya Bulus ne da kansa ya yi musu wa'azi, suka koma suna bin Littattafai kowace rana su ga ko haka ne, Luka kuma ya yaba musu, Ayyukan Manzanni 17:11. In an bincika Bulus, wane ne ni? Na yi shekara 34 a kan bagadi, kuma in na duba baya, na fi ba mutane abin da na tauna fiye da koya musu tauna. Wa'azin jigo ya fi sauƙin shiryawa: ka ɗauko aya daga nan, ka ɗauko daga can, ka ɗinke. Mai man nan ma haka ya yi, salon ɗaya ne, shi ya sa kunnen Goggo bai ji wani baƙon abu ba. Fastocin da ke wannan zaure, ku gwada bin littafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ko da na wata uku ne, jama'a na riƙe da nasu a buɗe.

Gidiyon: Na karanta Zabura 105 ɗin. Gaskiya su Ibrahim ake nufi. Amma maganata ta ziyarar marasa lafiya tana nan, ba wanda ya amsa ta.

Maman Rahila: Tana nan ɗana, ba ta da amsa sai tafiya. Mu dai tun da muka fara zama, in wata ba ta zo ba mun san da dalili, kafin dare wata ta leƙa ta.

Laraba: Ishaku, ina labari?

Ishaku: An kai ta, jinin ya hau sosai, an mayar da ita kan magani an ce ta dawo bayan mako ɗaya. An kuma gwada mata tabarau na karatu, ɗanta ya ce tun a hanya ta fara karanta allunan shaguna. Maganar keke, ni da ƙannena za mu haɗa mu nemo mata na hannu kafin a koma makaranta, lokacin ɗinkin yunifom ne. Mama, ki turo mini yadda kuke sa Markus ɗin a waya. Akwai maƙwabciyarta da ita ma ta shuka akuya biyu, ina so su fara tare, amma ban san wa zai riƙa kai musu tambaya wurin fasto ba.

Baba Rabaran: Turo mini sunan garin ta gefe. Ina da tsohon ɗalibi a wannan gunduma.

Saratu: Man fa, ta zubar?

Ishaku: Ta ƙi. Ta ce dubu biyar ɗinta ne, kuma man zaitun ne mai kyau, tana shafa wa kaushin ƙafa.